Taƙaitaccen Tarihin Marigayi Alhaji Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato (1910–1966)

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Ƙadirawa, al'adar wannan taro mai albarka ce a ambaci magabata domin na baya su yi koyi. A bana mun zaɓi wani ɗa daga gidan Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yarda da shi, gidan da ya ɗaga tutar Sidi Abdulƙadir Jilani a wannan ƙasa.

An haifi Ahmadu a garin Raba cikin 1910. Mahaifinsa Ibrahim, hakimin Raba, ɗa ne ga Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu. Ya fara da karatun allo, sannan ya yi makarantar boko a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Katsina, inda ya gama a 1931. Ya koyar a Makarantar Midil ta Sakkwato har 1934, shekarar da aka naɗa shi hakimin Raba. A nan ya san halin talakan ƙauye, ya san nauyin haraji da jangali a wuyan wanda ke biya.

A 1938 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya rasu. Ahmadu na cikin masu neman gadon, amma Allah Ya ba Abubakar na Uku. Aka naɗa shi Sardauna, aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabashin ƙasar Sakkwato. A can ne babbar jarrabawa ta same shi: cikin 1943 aka zarge shi da taɓa kuɗin jangali, aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya a Sakkwato. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu a Zariya, aka wanke shi. Abin lura a nan, ya 'yan'uwa, shi ne bai bar wannan tabo ya raba shi da gidan kakanninsa ba. Ya koma bakin aikinsa a En'e, daga baya kuma shi da Sarkin Musulmi suka yi aiki tare har ƙarshen rayuwarsa.

A 1948 ya tafi Ingila koyon tsarin mulkin ƙananan hukumomi. A 1949, bayan rasuwar Waziri Abbas, ya shiga Majalisar Dokokin Arewa a Kaduna. A 1952 ya zama Ministan Ayyuka na Jihar Arewa, daga bisani aka danƙa masa harkokin En'e-En'e. A zamaninsa aka yi Dokar En'e ta 1954, wadda ta ƙarfafa tsarin da sarki zai yi mulki tare da majalisarsa. Wannan kuwa shawara ce, abin da Shehu da Abdullahin Gwandu suka jaddada wa shugabanni a littattafansu.

A waɗannan shekaru yana kuma cikin Majalisar Wakilai ta Ikko, inda Arewa ke da kujeru 68 cikin 136. Ranar 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba Najeriya mulkin kai a 1956. Sardauna ya nemi a cire shekarar, a jira lokacin da hali ya yi, domin a lokacin 'yan Arewa masu ilmin zamani kaɗan ne ƙwarai, yana tsoron kada Turawa su tafi ofisoshin Arewa su faɗa hannun wasu. Saboda wannan matsayi aka yi wa wakilan Arewa ature da zagi a Ikko, a watan Mayu kuma rikici ya ɓarke a Kano. Daga wannan dambarwa aka samu tsarin tarayya na 1954, Sardauna ya zama Firimiyan Arewa na farko.

Shi ne shugaban jam'iyyar NPC, amma da aka zo naɗa Firayim Minista a 1957 ya bar kujerar ga mataimakinsa, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya zauna Kaduna. Arewa ta sami mulkin kai ranar 15 ga Maris 1959. A 1962 aka buɗe jami'ar da ke ɗauke da sunansa a Zariya, aka kafa Jama'atu Nasril Islam, aka kuma zaɓe shi mataimakin shugaban Rabiɗatul Alamil Islami ta Makka. Ya ba da himma wajen tattara littattafan malaman jihadi da buga su.

Ba ma'asumi ba ne, kuma 'yan adawa na zamaninsa sun yi kuka da matsin da suka sha a hannun En'e-En'e. Amma jama'a sun shaida cewa mai wannan iko duka bai bar dukiya a bayansa ba. A daren Asabar, 15 ga Janairu 1966, cikin watan Ramadan, sojoji masu juyin mulki suka kashe shi a gidansa na Kaduna tare da uwargidansa Hafsatu.

Muna kira ga muridan da Allah Ya ɗora wa kansila, ko shugabancin ƙaramar hukuma, ko kujerar majalisa, su auna riƙonsu da nasa, su tuna za a tambaye su. Allah Ya jiƙan Gamji ɗan Ƙwarai, Ya gafarta kurakuransa, Ya sada shi da kakansa Shehu, albarkar Annabi da Alƙur'ani. Amin.