Branch Rickey, Manomin 'Yan Wasa

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da ake kira besbol, wanda mutanen can suke ƙauna ƙwarai da gaske. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum 9. Ƙwallon ɗan ƙarami ne, bai wuce lemo girma ba, amma ga tauri kamar dutse. Mutum guda ya jefo shi da iyakar ƙarfinsa, wani na ɗaya ƙungiyar ya tarye shi da kulki ya buga. Da ya buga sai ya yar da kulkin ya sheƙa, yana bin tasha-tasha. Tashoshin nan huɗu ne, tsakanin kowace da 'yar'uwarta ƙafa 90. Wanda ya kewaye su duka ya komo inda ya tashi, ya ci wa ƙungiyarsa ɗaya ke nan. A bayan mai bugu kuwa akwai wani a tsugune, shi ke cafe ƙwallon in an kuskure bugu. In kuma mai gudu ya nemi ya saci jiki zuwa tashar gaba, mai cafewar nan ne zai wurga ƙwallon can ya riga shi isa.

Wannan aiki na cafewa shi ne Branch Rickey ya yi sa'ad da yake saurayi, bai kuwa gwanance da shi ba. Amma duk inda ake labarin renon 'yan wasa a Amurka, da sunansa ake farawa.

An haife shi ran 20 ga Disamba, 1881, a wani ƙauye cikin jihar Ohayo. Ubansa manomi ne, ba mai wadata ba. Iyayensa Kirista ne masu riƙon addininsu, har ya ɗauka wa uwarsa alkawari ba zai yi wasa ran Lahadi ba, domin ita ce ranar ibadarsu. Bai ta da alkawarin nan ba. Ƙungiyar farko ta manya da ta ɗauke shi, a 1904, sallamarsa ta yi saboda wannan. Ko bayan da ya girma ya zama shugaban ƙungiya, ran Lahadi ba a ganinsa a filin wasa.

Tun bai cika shekara 20 ba ya zama malamin makarantar ƙauye. Da ɗan abin da ya tara ya shiga kwaleji, yana karatu, yana kuma koya wa ɗalibai wasa don ya sami na biyan makaranta. Wata rana ya tafi da 'yan wasansa wani gari cikin jihar Indiyana. Cikinsu akwai baƙar fata guda, sunansa Charles Thomas. Da suka isa masauki aka ba kowa ɗaki, aka hana Thomas, ba don wani laifi ba sai don launin fatarsa. Rickey ya yi ta lallashin mai masaukin, har ya yarda a sa wa yaron ɗan gado a ɗakin Rickey. Da suka shiga, yaron ya zauna yana kuka, yana murza hannuwansa kamar mai son ya goge baƙin. Thomas ya zama likitan haƙori daga baya, amma Rickey bai manta da daren nan ba har ya tsufa.

Ya koma wasan manya a 1905, bai daɗe ba. A 1907, yana wata ƙungiya ta Niyok, hannunsa na jifa ya yi ciwo. A wasa guda 'yan Washinton suka saci tasha sau 13 a gaban idonsa, ya kasa tare ko ɗaya. Daga shekarar nan ya haƙura. Tarin fuka kuma ya kama shi, ya yi watanni yana jiyya. Da ya warke ya tafi jami'ar Mishigan ya yi karatun lauya, ya gama a 1911. Aikin lauyan bai karɓe shi ba, sai ya sake komowa ga besbol, amma wannan karo a matsayin mai koyarwa da shugabanci. A 1918 ya je Yaƙin Duniya na Farko a Faransa, yana da muƙamin manjo.

Ƙungiyar da ya komo ya riƙe ita ce Cardinals ta birnin Sen Luwis. A zamanin nan manyan ƙungiyoyi 16 ne, Cardinals kuwa tana cikin matalautansu. A 1919 ko kuɗin tafiya kudu, inda ake zuwa horo a ƙarshen sanyi, ba su da shi, a gida suka yi horonsu. To, ga yadda ake samun 'yan wasa a lokacin: a ƙananan garuruwa akwai ƙananan ƙungiyoyi barkatai, kowace da mai ita. In yaro ya yi fice a ɗayansu, sai a sayar da shi ga babbar ƙungiyar da ta fi tayawa. Rickey yana da idon gane yaro mai baiwa tun kafin kowa ya farga. Amma da zarar mai ƙaramar ƙungiya ya ji Rickey na son yaronsa, sai ya aika wa attajiran Niyok, su zo su ninka kuɗi su tafi da shi. Watau Rickey ya yi farauta, wani ya ci nama. Sa'ad da ya sayi wani mai jifa, Jesse Haines, a kan dala 10,000, sai da aka ciwo bashi.

Ya zauna ya yi tunani irin na ɗan manomi. Wanda ba shi da kuɗin sayen hatsi a kasuwa, ai sai ya nemi gona ya shuka nasa. Maimakon ya sayi gwani guda, gara ya sayi ƙaramar ƙungiya ɗungum, ya zuba yara a ciki, ya rene su da kansa. Ya fara da sayen rabo cikin ƙungiyoyi biyu ko uku, har da ta birnin Hustan a jihar Teksas. Wani attajiri mai sayar da motoci, Sam Breadon, wanda ya mallaki Cardinals, ya ba shi kuɗin ci gaba. Mutanen Amurka suka sa wa wannan tsari suna gona, sunan kuwa ya bi shi har yau.

Gonar nan aji-aji take, kamar makaranta. Rickey yakan sa a yi shela a gari cewa duk yaron da ke so ya zo a gwada shi. Yara su taru ɗari-ɗari, waɗansu ko takalmi mai kyau babu. Abu biyu ake fara dubawa, gudu da ƙarfin jifa, domin a ganinsa waɗannan baiwa ce, ba a koyar da su. Sauran kuwa malami na iya koyarwa. Wanda ya ci, a sa shi a ajin ƙasa. In ya yi ƙoƙari a ɗaga shi zuwa ƙungiya ta gaba, haka haka har ya kai Sen Luwis.

A nan ne malantarsa ta yi rana. 'Yan wasan dā ba su san wata koyarwa ba, kowa da ido yake ɗauka. Shi kuwa sai ya tara su gaban allo, ya ɗauki alli yana zane yana bayani. Tsofaffin hannu suka yi ta yi masa dariya, wai ya mai da fili aji. Ya sa aka haƙa rami aka cika da rairayi, inda yara za su koyi zamewa su taɓa tasha da ƙafa ba tare da sun karye ba. Ya kafa sanduna biyu, ya ɗaura kirtani a tsakaninsu, ya fitar da 'yar taga daidai inda ya kamata ƙwallo ya bi, tsakanin gwiwar mai bugu da ƙirjinsa. Mai jifa ya wuni yana auna tagar nan har hannunsa ya saba. Mai bugu kuma a ɗora masa ƙwallo bisa turke, ya yi ta bugu ana gyara masa tsayuwa. Da yake shi kansa bai iya ba sai da wahala, ya san inda yaro ke tuntuɓe, abin da gwani na haihuwa ba safai yake sani ba.

A 1925 aka raba shi da jagorar wasa a fili, aka bar masa ofis da gonar. Abin ya ɓata masa rai, ashe alheri ne. A 1926 Cardinals suka zama zakarun ƙasa, suka sake a 1931, da 1934, da 1942, galibin 'yan wasan kuwa 'ya'yan gona ne. Wajen 1940 ƙananan ƙungiyoyinsu sun haura 30. Cikin yaran akwai Stan Musial, wanda aka ɗauka mai jifa. A 1940 ya faɗi bisa kafaɗarsa ta hagu, jifa ta gagare shi. Da a wani wuri ne da an sallame shi. Malaman gona suka lura ya iya bugu, suka sake masa aiki. Cikin shekara guda ya haye azuzuwan ya kai Sen Luwis, ya yi wasa har 1963, ya zama ɗaya daga cikin gwanayen bugu da aka taɓa yi.

Amma fa gonar nan ba ta rasa ƙaya ba. Yaran albashinsu kaɗan ne, kuma wanda ya sa hannu ba shi da ikon komawa wata ƙungiya. Cikin ɗari da aka ɗauka, 'yan kaɗan ne za su kai sama, saura su ƙare ƙuruciyarsu a ƙananan garuruwa. Waɗanda suka yi yawa Rickey ya sayar da su, yana kuma da ushiri cikin kuɗin. An san shi da maƙo, zargin kuwa ba ƙarya ba ne. Alƙali Landis, wanda aka naɗa shugaban wasan na ƙasa duka, ya ƙi jinin tsarin nan. A 1938 ya 'yantar da yara fiye da 70 daga hannun Cardinals. Duk da haka sauran ƙungiyoyi, masu dariya a dā, kowace ta kafa gonarta.

A ƙarshen 1942 Rickey ya koma Dodgers ta Buruklin, wani yanki na Niyok. A lokacin an yi kusan shekara 60 ba a bar baƙar fata ya shiga wasan manya ba, sai dai su yi nasu dabam. Rickey ya aika mutanensa a asirce su duba ƙungiyoyin baƙaƙe. Ran 28 ga Agusta, 1945, ya kira Jackie Robinson ofishinsa, wani saurayi mai ilimi wanda ya yi hafsa a soja. Suka yi wajen sa'a uku. Rickey ya riƙa kwaikwayon masu zagi iri-iri, na masauki da na fili, yana jifansa da munanan kalmomin da zai ji. Robinson mutum ne mai zuciya, ba ya ɗaukar raini. Abin da aka nema gare shi shi ne ya danne, kada ya rama a shekarun farko, domin in ya yi faɗa sau ɗaya za a sake rufe ƙofar. Ya yarda.

Shi ma ba a kai shi sama kai tsaye ba, ta gona ya bi. A 1946 aka tura shi ƙungiyar Montiriyal a Kanada, inda ƙiyayyar launi ba ta kai ta kudancin Amurka ba. Ya fi kowa bugu a ajinsu. Ran 15 ga Afrilu, 1947, ya shiga fili da rigar Dodgers. Waɗansu abokan wasansa sun so su rubuta takardar ƙin yarda, aka taka musu birki. Ya sha zagi, an taka shi da takalmi mai ƙusa, bai rama ba. A ƙarshen shekara shi aka zaɓa gwarzon sababbin shiga. Wannan fa lada biyu Rickey ya nema, bai kuwa ɓoye ba: ya gyara zalunci, ya kuma ƙara wa ƙungiyarsa ƙarfi.

A 1948 ya karɓi wani tsohon sansanin jiragen saman soja a jihar Fulorida, ya mai da shi makarantar wasa. Yara ɗaruruwa, fari da baƙi, suna kwana wuri guda, suna cin abinci tare, har da injin jefa ƙwallo wanda ba ya gajiya. A 1950 ya koma ƙungiyar Pirates ta Pitsbag. Bai ci nasara can ba, amma ya sa 'yan wasansa sanya hular kwano don tsare kai, ya kuma ɗauko musu Roberto Clemente a 1954. Sai a 1960, bayan ya sauka, shukarsa ta nuna suka zama zakaru.

Ran 13 ga Nuwamba, 1965, aka gayyace shi jihar Misuri don a girmama shi. Yana tsaye yana jawabi sai ya yanke jiki ya faɗi, bai sake farfaɗowa ba. Ya mutu ran 9 ga Disamba, saura kwana 11 ya cika shekara 84. Jackie Robinson yana cikin waɗanda suka halarci jana'izarsa.