Labarin Patrick Bronte, Uban da Bai Kori Ɗansa Ba

Ya mai-karatu, watakila a gidanku akwai wanda giya ko ƙwaya ta kama, kana kuwa tambaya a zuciyarka ko Allah ya manta da ku. Saurari labarin wani bawan Almasihu wanda ya ɗauki irin wannan kaya shekaru da yawa, bai kuwa saki bangaskiyarsa ba.

An haifi Patrick Bronte a ƙasar Ailan cikin shekara ta 1777. Ubansa talaka ne, manomi, shi ne kuwa ɗan fari cikin 'ya'ya goma. Saboda ƙwazonsa ya sami shiga babbar makaranta ta Kambirij a Ingila cikin 1802, daga baya aka keɓe shi ga aikin ikilisiya. Cikin 1820 ya zama fasto a wani ƙauye mai suna Haworth. Shekara guda bayan wannan matarsa Maria ta rasu, ta bar masa 'ya'ya shida ƙanana. Cikin 1825 manyan 'ya'yansa mata biyu suka bi uwarsu. Saura mata uku, Charlotte da Emily da Anne, da namiji ɗaya tak, Branwell, wanda aka haifa cikin 1817.

Uban ya sa zuciyarsa ƙwarai a kan wannan yaro. Shi da kansa ya koya masa karatu a gida, yaron kuwa mai kaifin hankali ne, gwanin zane da rubutu. Cikin 1834 Patrick ya taimaka aka kafa jam'iyyar masu ƙin shan barasa a Haworth. Dubi abin tausayi: daga gidan mai-gargaɗi ne cutar ta fito.

Branwell ya fara zama da mashaya a gidan giya na ƙauyen. Ya gwada sana'ar zanen siffofin mutane, ba ta ci ba. Ya sami aikin akawu a tashar jirgin ƙasa, aka sallame shi cikin 1842 domin an iske giɓin fam 11 da ɗoriya a lissafi saboda sakacinsa. Ya koma koyar da ɗan wani mai-arziki, nan ma aka kore shi cikin 1845. Daga ran nan ya dawo gidan ubansa, ya ba da kansa ga barasa da wani magani da a ke kira lodanam, watau ofiyom narke cikin barasa, wanda a zamanin nan kowa na iya saye a kanti da 'yan kuɗi kaɗan. Ya ci bashi har ma'aikacin shari'a ya zo ƙofar gidan fasto, dole iyalin suka biya domin kada a kai shi kurkuku.

A lokacin nan Patrick ya kusa shekara 70, yana ta rufe idanunsa har ba ya iya karatu, sai da likita ya yi masa aiki a Manchesta cikin 1846 kāna ya sake gani. Wata rana Branwell cikin maye ya sa wa shimfiɗarsa wuta, 'yan'uwansa mata suka cece shi. Tun daga nan tsohon ya ɗauke shi zuwa ɗakinsa, suna kwana tare, domin ya tsare shi da dare sa'anda rawar jiki da firgita su ke tashinsa. Yana da littafin magani a gida, a gefen shafinsa ya rubuta abin da ya lura game da ciwon mashaya. Ran Lahadi kuma ya tsaya gaban jama'ar da ta san asirin gidansa, ya yi musu wa'azin alherin Allah.

Branwell bai warke ba. Ya rasu ran 24 ga Satumba 1848, yana da shekara 31. Amma 'yar'uwarsa Charlotte ta shaida a wasiƙa cewa kwana biyu kafin mutuwarsa zuciyarsa ta yi taushi, ya yi addu'a, da ubansa ya yi addu'a ta ƙarshe a bakin gadonsa ya amsa da amin. Tsohon ya yi kuka kamar yadda Dauda ya yi kukan Absalom. Kafin wata tara su cika Emily da Anne suka rasu, Charlotte kuma cikin 1855. Patrick ya binne matarsa, ya ga mutuwar 'ya'yansa duka shida, ya zauna kan aikinsa a Haworth shekara 41, har ya huta cikin 1861.

To, ya ɗan'uwa, ga abin da za ka riƙe. Na fari, faɗuwar ɗan'uwanka ba shaida ba ce cewa Allah ya ƙi gidanka. In maƙwabta sun yi maka ba'a suna tambaya ina amfanin sabuwar hanyarka, ka tuna gidan mai-wa'azi ma bai tsira ba. Na biyu, kada ka kore shi, kada kuma ka ba shi kuɗin saye. Na uku, yau an sani jarabar maye ciwo ce da ke kama jiki da ƙwaƙwalwa, wanda ya daɗe yana sha in ya bari farat ɗaya yana iya shiga hatsari. Saboda haka ka kai shi wurin likita, ka gaya wa dattawan ikilisiya, kada kunya ta sa ka ɗauki kayan kai kaɗai. Na huɗu, Allah bai yi alkawari kowane mashayi zai warke a idonmu ba. Naka shi ne haƙuri da addu'a da ƙofa a buɗe, kamar uban nan da Ubangiji Yesu ya ba da misalinsa cikin Luka sura 15.

Allah ya ba ka ƙarfi ka tsaya har ƙarshe. Amin.