Iliya Mechnikov: Masanin da ya gano abokan ɗan'adam a cikin hanji

Duk wanda ya taɓa shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan gudawa ta biyo baya, ya ɗanɗana matsalar da bayaninta ke komawa ga aikin Iliya Mechnikov. An haife shi a shekarar 1845 a wani ƙauye kusa da birnin Kharkiv, a daular Rasha ta wancan zamani, yau kuwa cikin ƙasar Yukiren.

Rayuwarsa ba ta rasa ɗaci ba. Tarin fuka ya yi ajalin matarsa ta farko a 1873, baƙin ciki ya kai shi ga yunƙurin halaka kansa, amma da sauran kwanansa a gaba.

A 1882, a garin Messina na Italiya, ya soka ƙayar fure a jikin jaririyar wata halittar teku mai siffar tauraro. Washegari ya tarar waɗansu ƙwayoyin jikinta sun yi wa ƙayar zobe. Daga nan ya gano yadda fararen ƙwayoyin jini ke haɗiye ƙwayoyin cuta, binciken da ya ba shi lambar yabo ta Nobel a 1908 tare da Paul Ehrlich.

Bayan ya koma Cibiyar Pasteur da ke Paris a 1888, sai hankalinsa ya karkata ga tsufa. Ya ɗauka cewa gubar waɗansu bakteriya na hanji ce ke gaggauta shi, kuma ya danganta tsawon ran manoman Bulgeriya da madara mai tsami da suke sha, 'yar'uwar kindirmonmu. Shi da kansa ya riƙa shanta kullum.

Batun tsufan bai tabbata ba, domin ciwon zuciya ya ɗauke shi a 1916 yana da shekara 71. Amma koyarwarsa cewa akwai bakteriya masu amfani ta tsaya. Da magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka yaɗu bayan rasuwarsa, sai aka ga suna share masu amfanin tare da miyagun, hanji ya rikice. Shi ya sa likitoci kan haɗa wa waɗansu majiyyata da wasu nau'o'in bakteriya masu rai domin rage haɗarin gudawar.

Tokar gawarsa tana ajiye a ɗakin karatu na Cibiyar Pasteur har yau.