Shehu Usmanu ɗan Fodiyo: Shekaru Arba'in Kafin Takobin Gaskiya

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Birnin Ƙonni ta ratsa Dogarawa zuwa Galmi, cikin ƙasar kakannin Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (Allah Ya ƙara masa yarda) yake tafiya. A Ƙonni kakansa Musa Jakollo ya sauka bayan tasowarsa daga Futa Toro, zuriyarsa ta daɗe a nan, kuma a Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu a watan Safar na 1168, wato Disambar 1754. Yana ƙarami iyayensa suka koma Degel.

Idan ƴan'uwa suka zauna hirar Shehu, karamominsa ake fara kawowa, sai jihadi. Ba a cika tsayawa a kan shekarun da ya yi gaban malamai ba, alhali su suka fi yawa.

Alƙur'ani a wajen mahaifinsa Muhammadu Fodiyo ya karanta shi. Nahawu kuma wajen Malam Abdurrahman ɗan Hammada. Daga nan ya lazimci Malam Usmanu Binduri, ɗan danginsa, kusan shekara biyu, yana karanta Mukhtasar na Khalil. Ƙanensa Shehu Abdullahi, wanda ya rubuta sunayen malamansu a Ida'un Nusukh, ya nuna cewa ba littafin kaɗai Shehu ya ɗauka a wajen Binduri ba. Ya riƙa kwaikwayon halinsa da tsoron Allahnsa da yadda yake umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna, har abin ya zame masa jiki. Wannan ita ce tarbiyya irin ta mutanen ɗariƙa, ba ta samuwa a ziyarar yini guda.

Sai Malam Jibrilu ɗan Umaru. Shehu ya bi shi har Agadas. Da malamin ya nufi Makka, almajirin ya juyo gida, domin bai samu izinin mahaifinsa ba. Wanda ya san irin begen Manzon Allah (SAW) da ke cikin ƙasidar da Shehu ya tsara yana ɗan shekara 20 zai gane nauyin wannan juyowa. Har ya rasu bai taka ƙasar Hijaz ba.

A 1188 ya fara wa'azi a Degel. Ya shiga Kabi, ya zauna Zamfara wajen shekara biyar, yana karantar da mutane tauhidi da tsarki da sallah cikin Fillanci da Hausa, maza da mata. Ɗansa Muhammadu Bello ya ba da labari a Infaƙul Maisuri cewa kafin ya fita wajen jama'a yakan ɗan tsaya ya sabunta niyyarsa, ya ɗauki alkawarin ikhlasi tsakaninsa da Ubangijinsa. Tambayar da aka yi masa jiya, in an maimaita ta yau, yakan amsa ba tare da ƙosawa ba.

Abin da ya fi ban mamaki ya faru a wajajen 1201. A lokacin Shehu ya haura shekara 30, sunansa ya karaɗe Gobir da Zamfara, almajirai na binsa gari gari. Duk da haka sai ga shi zaune gaban Alhaji Muhammadu ɗan Raji yana karatun Sahihul Bukhari tun daga farko har ƙarshe, ya karɓi ijaza. Malamin da ya tara jama'a ya koma ya naɗe ƙafa a sahun ɗalibai, wannan a yau sai an tona. Ba da daɗewa ba, a taron Babbar Sallah na Magami, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya miƙa wa malamai kyauta, Shehu ya ƙi karɓa, ya nemi a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, a kuma sassauta wa talakawa.

Ta fuskar baɗini ma haka abin yake. Bello ya ambata cewa da salatin Annabi (SAW) mahaifinsa ya samu jazaba, domin ya dawwama a kansa ba gajiya ba yankewa. Buɗin farko da Shehu ya ambata a littafinsa na Wuridi ya zo yana da shekara 36. Sai da ya cika 40 da ƴan watanni, a 1794, ya ga Sidi Abdulƙadir Jilani (Allah Ya tsarkake sirrinsa) a hadarar Manzon Allah (SAW) ya ɗaura masa Takobin Gaskiya. Muridin da ya ja wuridi kwana arba'in ya fara ƙorafin bai ga komai ba, ya ƙirga waɗannan shekaru. Bayan wannan ma sai da aka ƙara shekara goma kafin hijira zuwa Gudu a 1804.

Da Alƙalawa ta faɗi a 1808, Shehu ya bar gudanar da mulki a hannun Abdullahi da Bello, ya koma Sifawa ga karantarwa da rubutu, aikin da ya faro tun Degel. Littattafansa sun haura 100, cikinsu akwai Ihya'us Sunna da Nurul Albab. Ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a can a Jimada Sani 1232, wato Afrilun 1817, yana da shekara 62 a lissafin miladiyya. A nan Hubbarensa yake, inda masu ziyara daga Nijar da Nijeriya ke zuwa har yau.