Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Mai Gwandu: Shugaban da Mulki Bai Raba Shi da Littafi Ba

A cikin manyan mutanen da suka riƙe ragamar jama'a a ƙasar Hausa a ƙarni na 19, kaɗan ne suka haɗa takobi da alƙalami kamar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu. Ya ja runduna, ya ci birane, ya riƙe rabin daula. Amma har gobe idan aka ambaci sunansa a zauren malamai, littattafansa ake fara tunawa. Tarihinsa ya cancanci a ajiye shi a gidan sarauta, domin a cikinsa ake ganin yadda karatu ke zame wa shugaba ma'auni, ya auna jama'arsa da shi, ya kuma auna kansa.

Asalinsa da tasowarsa

Malam Abdullahi Bafulatani ne daga zuriyar Toronkawa. Kakansu na nesa, Musa Jakollo, ya taso daga Futa Toro ya zauna a ƙasar Ƙwanni, inda zuriyarsa ta daɗe tana karatu da karantarwa. Daga baya wasunsu suka koma Maratta, kusa da Galmi a jahar Tawa ta yau, inda aka haifi Shehu Usmanu a 1754. An haifi Abdullahi wajen 1766, ya kuma tashi a Ɗegel cikin ƙasar Gobir. Mahaifinsu shi ne Malam Muhammadu Fodiyo, kalmar Fodiyo kuwa da Fulatanci tana nufin masani.

A wurin mahaifinsa ya karanci Alƙur'ani. Yana ɗan shekara 13 aka damƙa shi hannun wansa Usmanu, wanda ya zame masa malami kuma uba na biyu. A gabansa ya karanta Ishiriniya da waƙoƙin Larabawan dauri, da Ajurumiya a nahawu, da Ahalari da Ishmawi da Risala a fiƙihu, da littattafan tauhidi na Sanusi. Ya ji tafsirin Alƙur'ani daga bakinsa tun daga Fatiha har ƙarshe, ba sau ɗaya ba. Bai tsaya nan ba: ya ɗauki ilimi wajen kawunnansa, da wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru, babban malamin nan da Shehu ya bi har Agadas. A Zamfara kuma, shi da Shehu suka zauna gaban Alhaji Muhammadu ɗan Raji suka saurari Sahihul Buhari.

Shekarun wa'azi

Da Shehu ya fara fita wa'azi, Abdullahi ne ke biye da shi. Sun shafe kamar shekara biyar suna zagaya ƙasar Zamfara. A can ne wani malami ya soki Shehu saboda mata suna halartar wa'azinsa. Shehu ya umarci ƙanen nasa ya ba da amsa, shi kuwa ya amsa da waƙar Larabci, yana nuna cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni nesa ba kusa ba. Yana nan kuma a Magami, ran sallar layya, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa ya yi musu kyauta. Shehu bai karɓi dukiyar ba, sai ya roƙi a bar shi ya yi wa'azi, a saki ƴan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Saurayi Abdullahi ya ga da idonsa yadda rashin kwaɗayi ke ba malami kwarjini a gaban sarki, kuma wannan darasi bai bar shi ba har ya koma ga Allah.

Yaƙi, da abin da ya biyo bayan nasara

Da al'amura suka ɓaci tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Abdullahi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a, shi ne kuma ya jagoranci runduna a Tabkin Kwatto a watan Yuni na shekarar. A 1805 ya ci Birnin Kabi. Amma yaƙi ɗan zamba ne: a Tsuntsuwa da Alwasa an yi asarar malamai da mahardata masu yawa, abokan karatunsa tun ƙuruciya.

Da waɗannan suka kau, sai ya duba ya ga sahu ya canza. Ya bayyana damuwarsa a littafinsa Tazyinul Waraƙati: mutane sun fara tseren neman muƙami, da tara dawakai da tufafin alfarma da ƙwaraƙwarai, masallatai da makarantu kuwa an yi musu riƙon sakainar kashi. Bai ware kansa daga zargin ba, domin ya ji tsoron kada shi ma ruwan ya ci shi. Wajen 1807, runduna tana kan hanyar Alƙalawa, sai ya sulale da ƴan mutane kaɗan ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Wazirin Shehu ne a lokacin, babu wanda ya fi shi matsayi in ban da Shehun kansa, amma ya bar komai ya kama hanya.

A Kano aka tare shi. Mutanen birnin suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya kuma karantar da su tafsiri. Littafin ya yi bayanin yadda ake naɗa shugaba, da aikin waziri da alƙali da mai kula da kasuwa, da hakkin talaka a kan mai mulki. Zaman Kano ya nuna masa cewa gudu ba ya gyara ɓarna, kuma ilimin da yake ɗauke da shi amana ce ta jama'a. Sai ya fasa tafiyar, ya komo. Bai sami zuwa Makka ba har ƙarshen rayuwarsa.

Riƙon yamma

Alƙalawa ta faɗi a 1808. A 1812 Shehu ya raba aikin riƙon ƙasa: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi. Daga wannan rabo ne daular Gwandu ta samo asali, wadda ikonta ya bi kogin Kwara ya taɓa Dandi da Dallol Boso da Liptako. Garin Sayi, wanda Alfa Mahaman Jobbo ya mayar cibiyar malanta, yana cikin wuraren da suka bi Gwandu.

Abin lura shi ne, a shekarar nan ta 1812 da aka ba shi rabin daula, ya zauna ya rubuta Ida'un Nusuhi, ɗan littafin da ya jera malamansa a ciki, kowanne da abin da ya karanta a wurinsa. Ya ambaci cewa ya ƙaru har da almajirai baƙi masu wucewa daga gabas da yamma. A lokacin da maroƙa suka fi son su lissafa masa garuruwan da ya ci, shi mutanen da ya durƙusa a gabansu yake lissafawa.

Mutum ne mai tsanani a ra'ayi. Bai yarda da kaɗe-kaɗen fada da ado mai yawa ba, yana kuma ƙyamar a mayar da shugabanci gado ba tare da duba cancanta ba. Shehu ya fi shi sassauci a wasu daga cikin waɗannan mas'aloli, har suka yi ta mayar wa juna amsa a rubuce. Saɓanin bai wuce takarda ba, kuma bai rage ko ƙwayar zarra daga girman da ƙane yake ba wansa ba.

Ƙofar da aka rufe

Jarrabawa mafi zafi ta zo masa a watan Afrilu na 1817, da Shehu ya rasu a Sakkwato. Abdullahi yana Boɗinga. Kafin ya iso, an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, ya kuma tarar an rufe ƙofar gari. Shi ne babba, shi ne waziri, shi ne kowa ya sallama wa a fagen ilimi, Bello kuwa ɗan wansa ne, kuma ya yi karatu a gabansa. Abin ya yi masa ciwo, bai kuma ɓoye ba, domin ya yi rubutu a kan sharuɗɗan zaɓen shugaba. Amma yana da mayaƙa da magoya baya, bai ce su ɗaura sirdi ba. Ya juya ya nufi Gwandu.

Wajen 1820 masu tawaye suka yi ƙarfi a Kalambaina, kusa da Gwandu, har suka gagari Abdullahi. Bello ya taso da rundunarsa ya kawo masa gudunmawa, aka ci garin. Masu tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu, Bello ya yi haramar sauka daga doki don ya gaida baffansa, sai Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Da wannan gaisuwa ɗaya aka ɗinke ɓarakar da ta isa ta tsaga daular biyu.

Ƙarshen rayuwarsa da abin da ya bari

Bayan Kalambaina ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari yawancin harkokin mulki, ya koma ga karantarwa da rubutu. Ya bar littattafai masu yawa a fannoni daban-daban. Mafi shahara shi ne tafsirinsa Liya'ut Tawili, wanda aka buga a Alƙahira a 1961. Da ya ga ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi, sai ya rubuta wani mai sauƙi, Kifayatu Lu'afa'is Sudan. Yana da Baharul Muhiɗi a nahawu, da Hisnur Rasin a sarfu, duka a waƙe. Ya rasu a Gwandu a shekara ta 1245 bayan Hijira, wato 1829, kuma a can kabarinsa yake.

Duk wanda Allah ya ɗora wa jama'a, ko sarki ne, ko hakimi, ko mai gari, ko mai unguwa, zai haɗu da irin ranakun da Malam Abdullahi ya haɗu da su: ranar da na kusa da shi za su fara cin amanar talaka, da ranar da za a ba wani abin da yake ganin shi ya fi cancanta da shi. A irin waɗannan ranaku fadawa ba su faye faɗa wa mutum gaskiya ba, littafi kuwa ba ya jin tsoron rawani. Shi ya sa Mai Gwandu bai taɓa barin zaman karatu ba, ko a sansanin yaƙi ko a gidan mulki, kuma da abin da ya karanta ya riƙa yi wa zuciyarsa linzami.

Allah ya jiƙan Malam Abdullahi, ya haskaka makwancinsa. Allah ya ba sarakunanmu haƙuri da adalci da son ilimi, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.