Likita Sydney Ringer da Zuciyar Kwaɗo

Ran da aka kwantar da ƙanena a asibiti saboda amai da gudawa, na ga ruwan da ake ƙara masa ta jijiya an rubuta Ringer a jikinsa. Da yaron ya tashi, sai na ƙudurta in san ko wane ne mai sunan nan. Ga abin da na samo, 'yan'uwana ɗalibai.

An haifi Sydney Ringer a Norwich ta ƙasar Ingila cikin 1835. Ya koyi aikin likita a Landan, a nan kuwa ya yi aikinsa. In ya gama duba marasa lafiya, sai ya shiga ɗakin gwaji, ya ciro zuciyar kwaɗo ya sa ta cikin ruwan gishiri, yana duban yadda take bugawa. Cikin 1882 har ya buga abin da ya gani.

Ashe ruwan da aka haɗa masa ba tataccen ruwa ba ne, na famfo ne. Da ya sake gwadawa da tatacce, sai zuciyar ta raunana, ba da jimawa ba ta tsaya. Wani da sai ya yi gum, don kunya. Shi kuwa cikin 1883 ya bayyana kuskuren a rubuce, sa'an nan ya bi sawun abin da ke cikin ruwan famfon, har ya gane kalsiyam ne, watau sinadarin nan da ke cikin alli da ƙashi. In babu shi, zuciya ba ta bugawa. Mu da ke koyon malanta, mu nawa ne za su iya faɗa wa aji sun yi kuskure a allo?

Ringer ya rasu cikin 1910 bai san abin da ke kama kalsiyam ɗin a cikin ƙwayar halitta ba. Sai wajen 1970 aka gano furotin ɗin da ake kira kalmodulin. Yanzu masana kan ɗauki antibodi, irin garkuwar da jini ke yi, su liƙa mata rini mai ƙyalli, ta je ta manne wa furotin ɗin, a gan shi a madubin likita. Albert Coons na Amurka ya fara wannan dabara cikin 1941.

Ruwan da aka sa wa ƙanena haɗin Ringer ne, wanda Likita Hartmann ya yi wa ƙari cikin 1932.