Nana Asma'u: Muryar da Ta Shiga Ɗakunan Iyayenmu

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, sau nawa ka kwana kana laluben waya kana biɗar sabuwar waƙa mai sanyin murya, wadda za ta kwantar maka da rai? To, tsaya ka ji labarin wata baiwar Allah da ta riga wayar da nisa.

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel a shekarar 1793. Ɗiya ce ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda shi kuma aka haifa a Maratta, cikin ƙasar Nijar ta yau. Tana yarinya ta yi hijira zuwa Gudu tare da mahaifinta a 1804, ta ga yaƙi da yunwa da idonta. Ta haddace Alƙur'ani, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ta kuma yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Abin da ya dame ta shi ne matan ƙauye. Ga daka, ga ɗaukar ruwa, ga goyo. Yaushe za su zauna gaban malami? Sai ta zuba ilimi cikin waƙa, tun daga tauhidi da salla har tarihin Manzon Allah (SAW), don mace ta rera tana kaɗi ko tana niƙa. Ta zaɓi dattijai mata, ta naɗa su jajis, ta ɗora musu malfa. Su ke zuwa wurinta su ɗauki karatu, su koma garuruwansu su koyar. Su da ɗalibansu su ne ƴan taru. Babu ganga, babu goge, murya ce kawai mai taushi, amma ta ratsa ƙauyuka.

Bello ya rasu a 1837, ta yi masa marsiyya. Ita kuma ta cika a 1864, aka binne ta a Sakkwato kusa da mahaifinta.

Yanzu saura kai. A nan Dakoro akwai tsofaffi mata masu rera waƙoƙin wa'azi da begen Annabi da ka, kuma kowace ta tafi, da nata take tafiya. Ka je ka gaida kakarka, ka nemi izininta, ka ɗauki muryarta da wannan wayar taka, ka tambaye ta wa ya koya mata.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya sa Aljanna ce makomarta. Amin.